Waƙar da Ɓarayi Suka Ƙi

Idan ana lissafa mutanen da suka sadaukar da rayuwarsu don kare haƙƙin mawaƙa, dole a fara da Shugaban Kwamitin Yaƙi da Satar Fasaha, a kuma rufe da shi. Shi da kansa yake wannan lissafin. A ofis ana kiransa Ranka-ya-daɗe. Da ya juya baya, sai ya koma Malam Kar-a-Kwafa.

Mutum ne mai kishi. Ya taɓa tsayar da direbansa a tsakiyar titi saboda yana rera wata waƙa da fito ba tare da izinin mai ita ba. Ko labari ya ba matarsa, sai ya gargaɗe ta kada ta yaɗa shi.

Shi ma mawaƙi ne. Yana da waƙa guda, Muhimmancin Yashe Magudanan Ruwa, wadda tsawonta ya isa mutum ya yi wanka, ya yi guga, ya dawo ya tarar ba a kai amshi ba.

Matsalar ta taso ne da zaɓe ya ƙarato. Dokar kwamitin, wadda shi ya rubuta da hannunsa, ta ce ba mai hawa kujerar shugaba sai wanda aka taɓa satar wa fasaha. Mai neman kujerar tare da shi wata zabiya ce da waƙoƙinta ke cikin kowace waya, kuma ba wanda ya taɓa saye. Shi kuwa, da ya zauna ya yi tunani, sai ya kasa tuna ranar da aka taɓa satar tasa waƙar.

Ya ɗebi 'yan sanda da 'yan jarida ya dira layin masu tura waƙoƙi da fina-finai a waya. Ya hau benci ya buɗe murya.

“Ni da kuke gani, ni aka fi zalunta a wannan harka! Yau zan ƙwato gumina daga hannun azzalumai!”

Ya bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya. Ya ga waƙoƙin soyayya, ya ga na talla, ya ga fim ɗin da ba a ma gama ɗauka ba. A wani shago har kukan akuya ya tarar an adana, wai ana sa shi a ƙarar waya. Magudanan Ruwa dai babu. Ya shaida wa 'yan jarida cewa ɓarayin sun ɓoye ta ne saboda darajarta.

Washegari ya aika aka kira ƙanin matarsa, wanda ke da irin wannan shago, kuma rabonsa da gidan yayar tasa tun ranar da Shugaba ya kira shi annoba. Aka ba shi kujera mai laushi. Shugaba ya rufe ƙofa, ya ajiye filashi na kwamfuta a kan tebur, ya juya yana kallon bango.

“Zan shiga ciki. Idan na fito ban ga abin nan ba, ban san wanda ya ɗauka ba.”

Ya shiga, ya daɗe, ya fito. Filashi na nan.

“Yaya, mene ne a ciki?”

“Waƙata.”

“To, Allah ya tsare maka ita.”

Sai da Shugaba ya haɗa shi da girman zumunci, ya cusa masa filashin a aljihu, sannan ya tafi da shi. Surukin ya riƙa saka wa masu saye waƙar a matsayin gyara. Kafin mako ya zagayo, layi ya kama a ƙofar shagon, kowa na roƙo a goge masa. Labarin layin ya iso wa Shugaba. Dalilin layin bai iso ba.

Ranar zaɓe ya shigo zauren taro cikin sabon ɗinki, 'yan sanda na biye da surukinsa.

“Ga ɓarawon waƙata! Ko jinina ne, doka ba ta san suruki ba!”

Zabiya ta dubi wanda aka kama. “Kai, ka saci waƙar Shugaba?”

Surukin ya miƙe tsaye, idanunsa sun ciko.

“Hajiya, taki na sata. Ta wancan mai gemun na sata. Duk wanda ke ɗakin nan na ci haƙƙinsa, a ɗaure ni. Amma wannan sharri ne. Ni ma ina da mutunci a sana'ata. A aljihu ya tura min ita, ina cewa a'a.”

Aka kaɗa ƙuri'a. Direban Shugaba ma, duk da ba ya cikin masu zaɓe, ya ɗaga wa zabiya hannu.

A cunkoson fita ne Allah ya dubi Shugaba: aka yanke masa aljihu aka ɗauke waya. Ya laluba, ya ji wayam, fuskarsa ta washe. Waƙar tana cikin memorin wayar.

“An sace ta! Jama'a ku shaida, an sace ta! A sake zaɓe!”

Ya kwana yana tsara jawabin ɗaukaka ƙara. Da safe matarsa ta buɗe ƙofa za ta yi shara, ta ga wani ɗan ƙulli a bakin dokin ƙofa, an naɗe shi da kyau cikin leda don kada ya jiƙe.

Memorin ne. Wayar dai ba ta dawo ba.