Waƙar Kullum da Auren Barakatu

Wani ne a can wajen Pauwa, shekarar da aka yi Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata. Kada ku tambaye ni sunansa. Danginsa na nan da ransu.

Mutumin nan ba abin da bai fara ba, ba kuma abin da ya gama. Ya fara sassaƙa turmi, ya bar shi rabi, kaza ta samu wurin ƙwai. Ya fara ɗinkin hula, zare bai ƙare ba zuciya ta ƙare. Ya jiƙa kaba zai saƙa tabarma, awaki suka taya shi. Matarsa Barakatu, 'yar garin Sabuwa, ta yi magana har ta gaji. Sai kallo.

Ran nan ya kai barkono kasuwar Ƙanƙara. Lokacin kuɗi sun zubo gari. Kowa da rediyo a kafaɗa, masinja ma sai ka gan shi bisa sabon babur. Ya tarar an yi da'ira, wani makaɗi yana wasa wani ɗan kwangila. Ba a yi nisa da waƙar ba ɗan kwangilar ya sauko daga kan Honda, ya miƙa wa makaɗin makulli, shi ya tafi a ƙasa.

Mutumin naku ya saki baki har ƙuda ya leƙa. Da aka watse ya bi makaɗin.

“Sarkin kiɗa, don Allah mi ne asirin? Laya ce ko rubutun sha?”

Makaɗin yana can yana neman inda ake taka babur ya tashi. Ya ce, “Ba laya. Waƙa rijiya ce. Ka ja kullum, ruwa shi zo. Ka bar ta, ta kafe.”

“Kullum?”

“Kullum.”

Shi ke nan. Bai tsaya ya tambaya ko ana bukatar murya ba.

Ana nan sabuwar shekara ta kama, ranar cika-ciki ta zo. Barakatu ta tuƙa tuwon dawa, ta zuba wutsiyar ragon layya da ta adana a cikin miya. Ya ci har ya kasa sunkuyawa. Ya fito ƙofar gida, maƙwabta na zaune, har da Lawwali mahauci da dattijon Limamin garin. Ya gyara tsayuwa ya yi gyatsa.

“Jama'a, ku shaida. Bana ni mawaƙi ne. Kullum sabuwar waƙa, har shekara ta zagayo.”

Daga bayan zana Barakatu ta ce, “To Malam. In ka gama ka zo ka ɗauke turminka, kazar ta ƙyanƙyashe.”

Aka kwashe da dariya. Lawwali har da buga ƙafa. Zuciya ta ɗebi mutumin, ya ɗaga yatsa sama.

“Wallahi duk ranar da rana ta faɗi ban yi sabuwar waƙa gaban mutane ba, Barakatu, na sake ki!”



Lawwali ya ce, “Kai, tuwo ne ke magana. Maida ta ciki.”

Aka juya wajen Liman. Shi Liman kunnensa ya daɗe da toshewa, sai an yi masa ihu. Aka yi masa ihun abin da ya faru. Ya girgiza kai ya ce, “Magana zarar bunu ce. Ta ɗauru. Shi yi waƙarshi, shi riƙe matarshi.”

Washegari Barakatu ce ta tashe shi. Ba ta yi barci ba.

“Malam, tashi. Rana ta fito, kuma ba jiranka za ta yi ba.”

Ba shi da kalangu, ba shi da goge. Ya juye garwar kananzir, ya samo muciya. Ya fito ƙofar gida ya duba gabas ya duba yamma, idonsa ya faɗa kan jakinsa. Ya daki garwa.

“Jakina, jakina,
Kunnuwa biyu, ƙafa huɗu,
Wutsiya ɗaya, a baya take,
Da a gaba take da na faɗa.”

Muryar kuwa, kun san ƙofar langa-langa da ta shekara ba ta ga mai ba? To ita tana da daɗi. Kaji suka watse. Jakin ya ɗaga kai ya amsa. Mutane suka ce amshin ya fi.

Barakatu ta yi ajiyar zuciya. Aure ya kwana.

Haka aka yi ta yi. Ya yi wa rumbu. Ya yi wa tsamiyar ƙofar gida. Ya yi wa turmin, ya yi wa kazar, ya bi 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya. Da kayan gida suka ƙare ya koma kan mutane. Nan masifa ta fara. Don shi bai iya ƙarya ba, abin da ya gani shi yake rerawa. Mawaƙin da bai iya ƙarya ba kuwa annoba ne.

Ranar kasuwa ya je ya tsaya gaban teburin Lawwali, mutane sun yi cincirindo suna sayen nama.

“Lawwali sarkin yanka,
Mai tausayin dabba,
Ba ya taɓa mai lahiya,
Sai wadda ta kwanta.”

Mai riƙe da tsoka ya ajiye. Wanda ya ƙunshe ya kwance. Ranar ungulu ma sai da suka yi shawara. Lawwali ya biyo shi da wuƙar fiɗa har bakin rafi, shi kuwa yana gudu yana waiwaye yana cewa, “Yabo ne! Wallahi yabo ne!”

Bai daddara ba. Babur ɗin nan na ransa. Ya ji labarin wani Alhaji Gide a Faskari, ɗan kwangila, wai hannunsa a sake yake. Ya saɓa garwa ya tafi. Ya tarar Alhaji ya yi manyan baƙi daga Kaduna, masu ba da aikin hanya, ana ta cin kaji a rumfa. Ba wanda ya kira shi. Ya tsuguna ya daka.

“Alhaji Gide mai kwalbati,
Ka yi ta bara, ruwa ya tahi da ita,
Ta bana ma kai za a ba,
Allah shi ƙaro ruwa.”

Wani baƙo ya ajiye cinyar kaza. Wani ya ce, “Wace kwalbati?”

Sai bayan la'asar ya iso gida, garwa ta lotsa, goshi ya yi ƙulu.

Barakatu ta ce, “Sannu, Malam. Ina babur ɗin?”

Ya ce, “Ke dai ki yi haƙuri, abin gaba yake yi. Yaran Alhaji sun rantse in na koma, a mota za a maido ni.”

Mutanen gari suka gaji. Masu jego suka ce nono na tsinkewa. Wani ya ce saniyarsa ta daina ba da madara. Suka taru suka je wajen Liman, suka yi ta yi masa ihu. Shi kaɗai ne a garin bai taɓa jin waƙar ba. Yakan hango mutumin yana dukan garwa yana buɗe baki, ya ga ai bawan Allah ne mai himma.

Ya ce, “Haba jama'a. Waƙa ce fa kawai. Ku yi haƙuri, aure yake riƙo.”

Ana cikin haka kawun Barakatu ya rasu a Sabuwa. Suka shiga motar katako. Hanyar kun san ta. Motar ta mutu, aka tura, ta sake mutuwa. Ba su isa ba sai da rana ta karkata. Barakatu ta shige wajen mata, shi ya zauna cikin maza a ƙofar gida, kusa da surukinsa Malam Hadi. Aka yi addu'a aka shafa. Aka fito da tuwon sadaka. Kowa ya sunkuyar da kai.

Sai mutumin ya ɗaga ido. Rana ta yi ja, tana bisa kan itatuwa. Yau bai yi ba.

Gumi ya karyo masa. Ya matsa ya raɗa wa Malam Hadi, “Baba, ina da uzuri.”

Malam Hadi ya nuna masa bayan gida ya tura masa buta.

Ya karɓi butar. Ya zubar da ruwan. Ya kife ta a cinya ya fara dukanta.

“Kawu ya kwanta, kawu ya huta,
Jiya war haka yana cin tuwo,
Yau ga tuwo babu kawu,
A miƙo mini nashi.”

Wani dattijo ya shaƙe da loma. Malam Hadi ya rufe fuska da rawani.

A cikin gida mata suka tsaya da kuka. Wata tsohuwa, Inna Hajaratu, ta kasa kunne ta ce, “Yau ga ikon Allah, kura tun rana ba ta faɗi ba? Ke Barakatu, ba muryar mijinki ba ce?”

Barakatu ta ce, “Inna, ni ma baƙuwa ce garin nan.”

Garin da aka haife ta.

Tun daga ranar ta daina tashinsa da safe. Ta koma duban rana kamar mai azumi. Da azahar sai ta dama masa fura mai kauri, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta kori kaji kada su tashe shi. Ya yi ta minshari har rana ta yi ƙasa, ita tana zaune tana kallon yamma, bakinta na motsi. Sai ya zabura kamar an tsikare shi, ya rarumi garwa ya yi waje. Ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Malam.” Ta shiga ɗaki ta kwance kwanukan da ta ɗaure.

Bazara ta wuce. Ruwa ya sauka, aka fita shuka. Ran nan Malam Hadi ya zo daga Sabuwa ya kawo wa 'yarsa irin masara. Mutumin naku ya wuni a gona yana bin saran shuka, ya dawo ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Rana ta kusa taɓa ƙasa. Ya laluba kansa, wayam. Ba abin da ya rage a garin da bai yi wa waƙa ba, har kabarin bayan gari.

Maƙwabta suka fara taruwa. Lawwali ya rufe tebur ya zo da gudu. Barakatu ta fito bakin zana da mayafi a kafaɗa. Kowa rana yake kallo.

Ya dubi hagu. Ya dubi dama. Sai ga surukinsa zaune bisa buzu yana alwala. Ya daki garwa.

“Surukina, surukina,
Kunnuwa biyu, ƙafa...”

Ya tsaya ya leƙa.

“...ƙafa biyu,
Wutsiya...”

Malam Hadi ya miƙe da sanda. Rana ta faɗi.

Barakatu ta rangaɗa guɗa. “Tsohuwa ce! Ta jaki ce! Jama'a kun ji, ta jaki ce ya sake wa suna!”

Shi kuma ya ce, “Sabuwa ce dal! Jaki ƙafa huɗu, Baba ƙafa biyu! Ku ƙirga!”

Lawwali ya ce, “Ni shaida ne, ta jaki ce. Ko gaban alƙali sai in faɗa.”

Malam Hadi ya ce, “Ni dai a bar ni in kai ga wutsiyar.”

Aka rirriƙe shi. Aka ce a bari gari ya waye a je wajen Liman.

To shi Liman bai daɗe da dawowa daga Kaduna ba. Ɗansa ma'aikaci ne a can, ya samu Udoji, ya kai shi asibiti aka wanke masa kunnuwa tas. Ya dawo yana jin tafiyar tururuwa.

Da hantsi gari ya tattaru a zauren Liman. Barakatu ta zauna a gefe bayan babanta. Mutumin ya zauna rungume da garwa, ido ya yi zuru-zuru. Duk shirmensa yana son matarsa.

Lawwali ya fara ihu kamar yadda aka saba. Liman ya ce, “Kai mahauci, sassauta. Ina ji.”

Aka zayyana masa. Ita ta ce tsohuwa, shi ya ce sabuwa.

Liman ya ce, “Ba a hukunci bisa abin da ba a ji ba. Kai, rera mini ta jiya. Sannan ka rera ta jakin, in gwada.”

Jama'a suka ce, “Allah gafarta Malam, a'a!”

Ina. Tun cika-ciki ba wanda ya taɓa cewa ya rera. Fuskarsa ta washe. Ya matso har gwiwarsa na taɓa buzun Liman. Ya ɗaga muciya ya saki murya.

Carbin Liman ya faɗi. Jemagun zaure suka fita da rana. Ya gama ta suruki ya shiga ta jaki. Daga can gida jakin ya amsa. Ya ga Liman ya runtse ido, ya ce a ransa daɗi ne, ya zarce da ta rumbu. Yana shirin kama ta kawu Liman ya ɗaga hannu biyu.

“Tsaya. Don girman Allah tsaya.”

Ya tsaya.

Liman ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza. Can ya ce, “Irin wagga kake yi tun ranar cika-ciki?”

“Allah gafarta Malam, ai yanzu na gwanance. Da ka ji na farko.”

Liman ya dubi jama'a. Jama'a suka gyaɗa kai.

Mutumin ya ce, “To Malam, ta jiyan sabuwa ce ko tsohuwa?”

Liman ya ce, “Ba a kai nan ba. Kai waƙa ka rantse za ka yi, wagga kuwa ba waƙa ba ce.”

Ya ɗauki carbinsa, ya juya wajen Barakatu.

“Ɗiyata, ɗauki kwanukanki ki bi babanki. Ke da har idda kin gama.”