Inuwar Mai Girma

Shekaranjiya da la'asar na sha faɗa a gidana, kuma ba ni na yi laifin ba. Uwar yara ta zauna ta miƙe ƙafafu, ni kuwa na tara bokiti a sabon famfon da manya suka saka mana, na kawo mata har da yanga. Tana tsoma ƙafa ta zabura.

"Malam, daga randa ka ɗebo wannan, ko gajiya ka yi da ni?"

Bari in koma baya kaɗan. Shekara shida ke nan gwiwoyinta na ciwo. In ba ta gasa su da ruwan zafi da yamma ba, washegari ko tsakar gida ba ta iya ƙetarawa. Gawayi ya fi ƙarfinmu, wutar lantarki kuwa sai dai mu ji labarinta a rediyo. Sai muka samo dabara: baƙar jarka. In ɗora ta a kan kwano da hantsi, in sauke da la'asar, ruwa ya yi zafin da sai an sirka.

Ana nan sai ga motoci a ƙofar gida. Wai Mai Girma Uban Masu Ɗumama Ruwa ya zaɓi gidana don gwaji, tunda a bakin titi yake. Aka hau kan kwano da tanki da wasu bututun gilashi, wai na'urar ɗumama ruwa da zafin rana. Wani jami'i mai sheƙin takalmi ya ɗaga jarkarmu da yatsu biyu a gaban masu ɗaukar hoto, ya ce wannan ita ce ci-baya, ya jefa ta a bayan mota.

"Baba, daga yau rana za ta fara yi muku aiki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ta jima tana yi. Takardar ɗaukar aiki ce dai ba ta samu ba."

Gaskiya kayan na da kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kwana uku muna shan daɗi, har uwar yara ta sa musu albarka. Rana ta huɗu suka dawo da allon sanarwa. Jama'a, allon ya fi gidana tsawo. Hoton Mai Girma ne yana murmushi, yana nuna sama da yatsa, kamar shi ya rataye ranar. Suka kafa shi daidai inda take bi. Tun daga hantsi har la'asar, na'urar tana hutawa a inuwarsa.

Jiya na tafi ofishinsu. Wani magatakarda ya saurare ni yana danna waya.

"Baba, na'urar ta sashen fasaha ce, allon na sashen wayar da kai. Mu nan godiya muke karɓa."

"To a matsar da allon taku biyar mana."

Sai a lokacin ya ɗago kai. "Ka san hoton wa ke jiki? Ba a cire shi."

"Ranar fa, ko za a iya matsar da ita?"

"Ka rubuto."

Na dawo na tarar da uwar yara a ɗaki, ko ƙofa ba ta iya kaiwa ba. Na fita na zauna wajen maƙwabcina mai walda ina ta huci. Ya tashi ya dafa allon, ya janye hannu da sauri.

"Kai, dattijo, zo ka ji! Ƙarfen nan ya gasu."

"An ce ba a cire shi."

"An ce ba a rataya masa kaya?"

Yau da hantsi ya ba ni wata tsohuwar jarka, muka shafe ta da baƙin fenti, muka jefa igiya ta saman allon. Ta sauka daidai ƙirjin Mai Girma, kamar ya rungume ta. Da la'asar na sauke, sai da aka sirka.

Uwar yara ta tsoma ƙafa, ta lumshe ido. "Wa ya gyara?"

"Mai Girma da kansa. Tun safe yake tsaye a rana riƙe da ruwanki."

"Allah sarki. Ashe yana aiki."

Na roƙe ku, masu karatu, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. In manya suka ji dabarar ta yi, za su zo su kafa mata allo.