Na Rubuta Ɗaya Maimakon Sifili

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a Kalgo ba, ko da yake na so in manta.

Shekara talatin na yi ina aikin kwamfuta a Jidda da Khartoum da Hamburg ta Jamus kafin in dawo gida Gwandu in huta. Da wani ƙaramin asibiti a Kalgo ya roƙe ni in duba musu saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu, sai na tafi ina jin kaina kamar alfarma zan yi musu.

Sabar ba ta da allo. Na ce zan gyara ƙaramar manhajar da ke tayar da ita, ta riƙa turo saƙonninta ta wata kafa da ke bayanta da ake kira siriyal, yadda in ta sami matsala za a jona waya a gani. Kafofin biyu ne. Na so ta farko, na rubuta 1. Manhajar kuwa daga sifili take fara ƙirge (abin da na sha koya wa mutane da harsuna uku), don haka ta biyu na ba ta, inda wayar da ke kawo saƙo daga batirin ajiyar wuta ke jone. A Hamburg ba a barin ka tashi sai ka kashe na'ura ka kunna a gaban shaida. Ni na rufe jaka ban gwada ba, don in samu la'asar a Gwandu.

Bayan kwana huɗu wuta ta ɗauke har batirin ya ƙare. Da ta dawo, sabar ta ƙi tashi. A safiyar aka kawo matar wani manomi daga Diggi, Malam Umaru, tana naƙuda tana zubar da jini. Sunaye da lambobin masu ba da irin jininta duk suna cikin sabar.

Sista Rabi, shugabar ma'aikatan jinya, ta kira ni. Na iso na kashe, na kunna, shiru. Na zagi wutar ƙasar nan. Na ma fara ba su labarin wutar Jamus, Malam Umaru yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Alhaji, da saura?" ya ce.

"Minti biyar," na ce. Sau uku na faɗa masa haka.

Sista ta leƙa bayan na'urar. "Baba, mi ka taɓa rannan? Wanga inji bai taɓa yi muna haka ba. Cire wayar baturin ga mu gani."

Na yi mata murmushin manya, na cire don dai in nuna mata ba nan ba ne. Na kunna. Ta tashi.

Ashe saƙonnin da batirin ke turowa ne suka sa manhajar ta ɗauka wani ya danna maɓalli, ta tsaya tana jiran umarninsa.

Kafin nan an riga an wuce da matar zuwa Birnin Kebbi. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Likita ya ce wataƙila ko an sami jinin da wuri haka za ta kasance. Wataƙila.

Na je Diggi gaisuwa. Malam Umaru ya shimfiɗa mini tabarma, ya yi mini godiya a kan wahalar da na sha. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu in na gyara na'ura, sai na kashe ta na kunna a gaban mai ita, in kuma tambaye shi ko yana da abin faɗi. Sannan in yi shiru, wanda shi ne ya fi ba ni wuya.