Ilu da Hoton Ƙwaƙwalwar Kuluwa

A ƙauyenmu akwai wani bawan Allah, Ilu, wanda abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da matarsa Asabe, da mahaifiyarsa Inna, da 'yarsu Kuluwa mai shekara shida, wadda idonta na hagu yake karkacewa waje. Likitan birni ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta a ga ko wani abu ne a ciki. Aka sa rana. In ta wuce, sai bayan wata huɗu.

Wata rana likita ya ce a riƙa rufe ido mai lafiyar awa biyu kullum. Asabe ta leƙa Islamiyya, sai ga Ilu durƙushe cikin yara, tafinsa a kan idon Kuluwa.

"Baban Kuluwa! Me zan gani?"

"Saura rabin awa," in ji shi.

Wata rana aka ce a koya wa Kuluwa kwanciya ba motsi, don na'urar ɗaukar hoton ba ta son motsi. Asabe ta dawo daga rijiya ta tarar da ita miƙe sambal a tsakar gida, lulluɓe da farin zane, maƙwabta na salati. Tulu ya suɓuce mata.

"Umma, in tashi?" in ji gawar.

Ranar hoto, ma'aikaciyar asibiti ta ce, "Na'urar nan maganaɗisu ce, tana fizgar ƙarfe. Malam, duba ta tun daga gashin kai har tafin ƙafa."

Asabe ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta ce an gama. Ilu kuwa ya zauna ya kama tsefe kitson da Inna ta yi wa yarinyar jiya. Aka kira sunansu sau biyu.

"Don girman Allah, za mu rasa layi!" Asabe har da hawaye.

"Gashi aka ce."

A kitso na bakwai wata 'yar laya ta faɗo, tsinin allurar da ke cikinta ya huda fatar layar. Inna ce ta ɓoye, maganin kambun baka. Ma'aikaciyar ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Da wannan za ta shiga?"

Asabe ta yi hamdala a zuci. Ta miƙa hannu za ta ja 'yarta ciki, Ilu ya riƙe.

"Tsaya," ya ce. "Saura tafin ƙafa."

Wannan karon har ma'aikaciyar ta jira shi.