Ranar da Kututturen Aduwa Ya Kama Mini Riga

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Zainabu ba, ko na so mantawa matar yayana ba za ta bar ni ba. Tunda yanzu hannuna ya fara sabawa da biro a ajinmu na manya, gara in rubuta da kaina kafin ta ƙara wa labarin gishiri.

Sana'ata faskare ce. Tun ina saurayi nake fasa itace wa masu gashin nama a unguwar Bololo, kuma an san ni da haƙuri. Kututturen da ya gagari kowa ni ake ajiye wa. Sai in zagaya shi, in duba inda rana ta fara tsaga shi, in yi ta ɓantarar gefe har ya sallama.

Zainabu 'yar yayana ce, ni aka ba waliccinta. Don haka na ɗinka babbar riga fara mai aiki a ƙirji, irinta ta farko a rayuwata. An sa ɗaurin aure bayan Azahar, a gidan Yaya da ke unguwar Lamadji. Wani maƙwabcinsa mai gidan burodi ya ba mu aron injin faskare don girkin biki. Injin yana shan fetur, yana da hannu na ƙarfe da ke tura itace zuwa kan wani baki mai kaifi kamar na gatari. Na gwada shi ana gobe biki, itacen bagaruwa yana rabewa kamar rogo dafaffe. Gaskiya na ji daɗi.

Da hantsi na yi wanka na sa rigata. (Me ya kai ni sa ta tun hantsi? So nake a gani, ba wani abu ba.) Ina shiga tsakar gida na ji Asabe, matar yayana, tana cewa itace ya kusa ƙarewa, ga tukunyar shinkafa ba ta hau ba. Abin da ya rage kututturen aduwa ne guda, ƙato, mai rassa biyu, duk jikinsa ƙulli.

"Mijina," in ji ta, don haka take tsokanata tun tana amarya, "ko ka tsufa ne? Ga ɗan itace yana kallonka."

Mata sun fi ashirin a wurin, wasu na tuya, wasu na tace karkanji, wato zoɓo. Duk suka juyo. Matata Hajara ta ce, "Malam, cire rigar tukuna."

Na ce, "Ai inji ne, ba gumi."

Da gatari ne a hannuna, na san abin yi. Itace mai reshe biyu ba a shigarsa ta tsakiya, can ne jijiyoyinsa suka sarƙe. Ta gindi ake bi, a fara rage gefe. Amma ƙarar inji da idon mata suka ɗauke mini hankali. Na mirgina shi sama, na saita tsakiyar rassan daidai bakin ƙarfen, na danna.

Injin ya yi nishi. Kututturen ya buɗe baki kamar faɗin tafin hannu, ya tsaya. Na ƙara dannawa, injin ya yi kuka kamar jaki, baƙin hayaƙi ya tashi. Na ja hannun ƙarfen baya, amma itacen ya maƙale a bakin. Maimakon in sa wani guntun itace in turo shi a hankali, sai na rungume shi na jijjiga. Ya fizgo da ƙarfi, tsagar ta rufe, kaf!

Na yunƙura in miƙe, na ji an riƙe ni. Gaban rigata, tun daga ƙasan aikin, yana cikin kututture.

Sai Asabe ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Jama'a ku zo ku gani, an riga an ɗaura wa waliyyi nasa auren!"

Na ja, rigar ta yi ƙara kamar za ta yage, na saki. Wata tsohuwa Balarabiya maƙwabciyarsu ta ce, "Maskin, bawan Allah! Kalas, shi ke nan, a kawo almakashi." Jin almakashi na ce kada a kuskura. Ba ni da wata rigar, kuma ba a zama gaban liman a ba da 'ya da rabin riga. Yayana ya leƙo daga zaure ya ce a ɗauke ni da kututturen a baro a kai masallaci, ai shaida ba ya yawa.

Ina durƙushe a nan na tsaya na dubi itacen, abin da ya kamata in yi tun farko. In na mayar da bakin ƙarfen cikin tsagar nan, zai tauna rigar. Hanya ɗaya ce: in rage shi ta gefe har ƙarfinsa ya ƙare, sannan in shige shi ta gindi. Kuma ba zan iya ba ina ɗaure da shi.

Na ce, "Hajara, zo ki riƙe."

Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Malam, wace singileti ka sa?"

Ta san amsa. Tsohuwar ta aiki ce, wadda ta sha cewa za ta mayar tsumman goge tukunya. Hudojinta sun fi yadinta yawa.

Na sulale na fita daga rigar kamar maciji. Kuma a daidai lokacin nan aka yi sallama, gwaggonnin ango suka shigo da goro da turare, cikin lafaya masu ƙyalli. Babbarsu ta tambayi ina baffan amarya, tana so su gaisa. Asabe ta nuna ni da ludayi. (Allah ya rufa asiri, wayoyin hannu sun fara shigowa a lokacin, amma ba sa ɗaukar hoto.)

Na gaishe su da mutunci, cibiyata tana leƙen su ta huda. Sannan na tayar da inji.

Hajara ta ɗaga rigar sama kamar mai riƙe wa amarya mayafi. Na fara ɓantarar gefe, ɗan siriri, in juya, in sake ɓantara. In injin ya fara nishi sai in ja baya in canza wuri, ban ƙara yi masa dole ba. Kowane ɓari ya faɗo, mata su yi tafi su wuce da shi murhu. Har gwaggonnin suka zauna kallo, ɗaya tana cewa, "A hankali, Baffa, ta hagu!" Tukunyar shinkafa ta hau. Ana kiran Azahar na juya abin da ya rage, na sa gindinsa a bakin ƙarfen, na danna kaɗan-kaɗan. Tsagar ta buɗe, Hajara ta zare rigar.

Ba ta yage ba. Sai wani dogon layi ruwan ƙasa da aduwar ta bar mini, na naɗe shi a kafaɗa. Guɗar da aka yi a gidan nan ta fi ta kai amarya.

A masallaci liman ya tambaya, "Waliyyin amarya, ka bayar?"

Na ce, "Na bayar."

Yayana ya matso kunnena ya ce, "Alhamdu lillahi, ka fi kututturen saurin saki." Na danne dariya har ta koma tari.

Zainabu tana ɗakinta lafiya, 'ya'yanta kuma suna kirana Kakan Aduwa. Darasin da na koya bai da yawa. Inji ƙarfi kawai gare shi, duban itace yana wuyanka. Kuma duk ranar da ka ɗinka sabuwar riga, ka daure ka haɗa da singileti.