Gurasar da Behruz Ya Gatsa

"Salamu alaikum, mutanen tarago na huɗu! A matsa, a ba da hanya! Ga Doniyor ɗan Rustam, wanda ya ci shinkafar gari bakwai, wanda masu tanderu ke miƙewa tsaye in sun hango shi!"

"Don su rufe tanderun suke miƙewa," in ji Buvi, kakata. "Zauna, ka tare mini taga."

Na zauna. Daga Samarkand muka taso, za mu Tashkent taryen yayana Behruz, wanda ya shekara biyu yana aikin gini a Rasha. Ya ce mana Alhamis da yamma zai sauka. Yau Alhamis, kuma kwana tara ke nan wayarsa ba ta shiga.

A cinyar Buvi akwai ƙunshi. Gurasa ce, wadda Behruz ya gatsa ranar tafiyarsa aka rataye a bango, don rabonsa da ya rage a gida ya jawo shi ya dawo ya ƙarasa. Haka dai ita ta sani. Ni kuwa na san tun sanyin bara na jiƙa waccan gurasar a romon rago na tashi da ita. Laifin direban da na yi wa yaron mota ne, shi ya buɗe mini baki da ciye-ciye gari-gari bayan na bar makaranta. Washegari na sayo wata, na gatsa, na shanya a rufin ɗaki, na mayar kan ƙusa. Ban taɓa damuwa ba sai da wayar nan ta mutu.

"Sake kiransa," in ji ta.

"Yanzu na kira, tsohuwa. Ki bari wayar ta huta, ba irinki ba ce da ba a gajiya da magana."

"Mai sayar da samosa ya wuce sau biyu ba ka ko ɗaga kai ba. Ciwon ajali ne ya kama ka?"

"Azumi nake."

"Kai? Ranar da aka haife ka, da cokali ka fito a hannu. Ungozoma ma sai da ta ɓoye abincinta."

"Ke kuwa an ce tare aka aza tubalin Samarkand da haƙoranki na farko."

"Na farkon sun tafi da mutuncinsu. Ba su taɓa cin abin wani ba."

Ta fara kwance ƙunshin a hankali, kamar mai jiran in hana ta.

"Buvi, bar ta a rufe, ƙura za ta shiga."

"Wace ƙura a cikin jirgi? Zo ka duba mini, idona ya yi rauni. Behruz ba wushirya gare shi ba?"

"Wataƙila ta toshe. Sanyin Rasha yana matse haƙora."

"Tun kafin ya je can ta toshe? Kuma dubi girman cizon. Wannan ba mutum ba ne, raƙumi ne ya shigo mana gida."

Na dubi taga. Gonakin auduga sai gudu suke, ni kuwa ba wurin gudu.

"Buvi," na ce. "In wani ya ci gurasar matafiyi, me ke samun matafiyin?"

"Wane ne wanin?"

"Wani dai. Mutumin kirki. Sanyi ya yi yawa ranar, romon kuma ya ji albasa."

"Ta yi daɗi?"

"Don Allah ki bar wasa! Kwana tara ban yi barcin kirki ba. In wani abu ya same shi, ni ne. Ni na cinye masa hanyar gida."

Ta dube ni. Sai a lokacin na lura ita ma ko shayinta ba ta taɓa ba tun safe. Ta sunkuya ta jawo jakarta, ta ɗaga sallaya, ta fito da wani ƙunshin. Gurasa ce ta bushe kamar katako, ga cizo ɗan ƙarami, da siririn tudu a tsakiya inda wushiryar ta bari.

"Ni zan rataye rabon jikana a gidan da kake kwana? Tun daren da ya tafi tana ƙasan akwatina."

"To wadda na ci fa?"

"Ni na gatsa ta. Da haƙoran roba."

"Innalillahi! Yawunki na sha a romo?"

"Ka kuma lashe kwanon. Ina bayan labule ina kallonka."

"Shekara guda kina kallona ina rataye da zunubi?"

"Kwana tara dai. Sauran kwanakin ƙiba ka yi ta yi."

Ban gama buɗe baki ba wayar ta yi ƙara a hannuna. Saƙo ne daga lambar da ban sani ba. Buvi ta damƙe mini gwiwa.

"Karanta! Ko nan ma ba ku kai ba aka kore ka daga makaranta?"

Na bi shi harafi-harafi. "Ni ne Behruz. Wayata ta faɗa cikin kwaɓin siminti. Yanzu za mu shiga jirgin sama. A ce wa Buvi ta zo mini da gurasata."

Ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta. Kafaɗunta na girgiza, ban san ko kuka ba ne ko dariya. Ni kuwa na miƙe a tsakiyar tarago, na buɗe hannuwa.

"Ku shaida, jama'a! Doniyor ɗan Rustam, wanda ya cinye gurasar kakarsa sukutum, kakar kuma tana nan daram! Wannan ciki mai albarka ne!"

Ta share ido, ta yafito mai samosa, ta karɓi biyu masu zafi ta dangwara mini a hannu. Sannan ta mayar da gurasar Behruz ƙarƙashin sallaya, ta zauna a kan jakar.

"Ci," ta ce. "Ka tare mini taga."