Ranar da Na Zama Marainiya

Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake yi. Na ɗauki keken yayana na ce zan je wani ƙauye bayan Tafa in gaida Gwaggo, in dawo unguwarmu Magajiya kafin magariba. Umma ta ce in canza hijabi, wannan ya yi tsawo. Na ce ni da na yi wata uku ina zagaya unguwa da keke, ba hijabin da zai koya mini tuƙi.

Bayan azahar kwalta ta ƙare, sai tsakuwa da gonakin doya, ba kowa. Na gaji, ruwana ya ƙare, ga labarin masu garkuwa da mutane fal a kaina. Ina cikin gangara sai aka shaƙe ni ta baya, aka fizgo ni ƙasa. Ban waiwaya ba. Na runtse ido, na ɗaga hannu sama, na ce, "Don Allah ku yi haƙuri, ni marainiya ce!"

Wata tsohuwa Bagwariya ta sauke itacenta daga kafaɗa, ta ce, "'Yata, buɗe ido. Kekenki ne ya kama ki." Ta warware hijabin daga tayar baya, ta ba ni ruwa, ta raka ni har gidan Gwaggo, ta kuma kwashe labarin kaf ta faɗa.

Asabar mai zuwa zan sake gwadawa. Baba kuwa kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Marainiya, marigayi na gaisuwa. A kawo masa shayi."